Yadda jami'o'in Amurka ke zawarcin ɗan sakandare mai tsaron baya: tambayoyi da amsoshi

Iyayenmu mazauna Amurka, a Bronx ko Houston ko Greensboro, sukan tsinci kansu cikin al'amarin da ba su taso da shi ba. Yaro ya shiga ƙungiyar ƙwallon makarantarsu, ya yi fice, sai ga kocin wata jami'a yana kiran waya, ga wasiƙu na ta shigowa, ga kuma wani baƙon ido yana cewa shi ne zai haɗa yaron da manya. Uba bai san dokokin wasan ba, balle dokokin zawarcin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan tasowa, kuma an tsaya a kan gurbi ɗaya, na mai tsaron baya, domin yana cikin guraben da 'ya'yan 'yan Afirka ta Yamma suka yi suna a kai.

Wane wasa ake magana a kai, kuma mene ne aikin mai tsaron baya?

Ba ƙwallon ƙafar da muka saba ba ce. Wannan ita ce ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa, ƙwallon doguwa mai tsini biyu, kuma da hannu ake yawan wasanta. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu kai hari suna da kwatabak, shi ke jefa ƙwallo, ga kuma masu gudu su cafke ta. Masu tsaro sahu uku ne: ƙarti a gaba, matsakaita a tsakiya, sai na can baya waɗanda aikinsu shi ne hana a cafke abin da aka jefo. A kansu muke magana.

Su ma kashi biyu ne. Kona yana tsayawa a gefen fili, ido da ido da mai cafkar ƙwallo, ya bi shi duk inda ya nufa. Sefti yana can baya yana lura da idon kwatabak, idan an wuce shi an wuce kowa, kuma sau da yawa shi ke faɗa wa 'yan'uwansa inda za su tsaya. A da mutum 4 ake sawa, kona 2 da sefti 2. Yanzu da jifa ya yi yawa a wasan, ƙungiyoyi da dama kan ƙara na 5, wanda ake kira nikel, a mafi yawan lokacin wasa. Wannan ya ɗaga darajar gurbin a wajen masu zawarci.

Wahalar aikin ita ce mai cafka ya san inda za shi, kona bai sani ba, kuma da baya-baya yake fara gudu.

Me ya sa jami'a za ta riƙa bin yaro ɗan shekara 16?

Saboda a Amurka ƙwallon jami'o'i babbar harka ce ta kuɗi da suna. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Babu ƙananan ƙungiyoyin da ke renon 'yan wasa kamar yadda ake yi a ƙwallon Turai. Daga sakandare sai jami'a, daga jami'a sai gasar ƙwararru ta NFL. Hukumar NCAA ce ke kula da mafi yawan wasannin jami'o'i, ta kasa su rukuni uku. Rukuni na ɗaya ya rabu biyu: FBS, inda manya suke, jami'o'i sama da 130, sai FCS a ƙasa da shi. A cikin FBS ɗin ma akwai gungu huɗu da suka fi kowa kuɗi: SEC, Big Ten, Big 12 da ACC. Kocin da bai kawo yara nagari ba, kora ke jiransa, shi ya sa za ka ga dattijo mai albashin miliyoyin daloli zaune a falon talaka yana yaba girkin uwar gida.

Me kociyoyi suke dubawa a jikin mai tsaron baya?

Gudu ne farko. Ana auna shi da tseren yadi 40, wato kusan mita 36 da rabi. Manyan jami'o'i suna son kona da ke yin daƙiƙa 4.4 zuwa 4.5. Sai dai kociyoyi ba sa yarda da lokacin da yaro ya rubuta wa kansa, don agogon hannu yakan yi wa mutum alfarma. Abin da suke gaskatawa shi ne wanda suka auna a sansanin gwajin da jami'arsu ke shirya wa 'yan sakandare, ko sakamakon tseren mita 100 na gasar makarantu da aka auna da na'ura. Shi ya sa nake ba kowane mai tsaron baya shawara ya shiga ƙungiyar guje-guje ta makarantarsu idan kakar ƙwallo ta ƙare. Yaron da ya yi ƙasa da daƙiƙa 11 a mita 100 ya riƙe hujjar da ba mai musa ta.

Na biyu tsawo, musamman tsawon hannu. Masu cafkar ƙwallo sun yi tsayi, don haka ana rububin kona mai ƙafa 6, wato mita 1.83, ko kusa da haka. Gajere bai fita ba, Tyrann Mathieu, wanda ya yi wasa a jami'ar LSU, ƙafa 5 da inci 9 ne kuma ya gagara, amma gajere sai ya nuna abin da ya fi na kowa kafin a kalle shi.

Na uku shi ne wanda iyaye ba sa gani daga kan benci: ƙugu da ƙafafu. Ka tsaya kusa da fili ranar gwaji ka kalla. Koci zai riƙe ƙwallo, yaro ya duƙa yana ja da baya da ƙananan taku, ƙirji a kan gwiwa. Da koci ya karkata ƙwallon hagu, sai yaron ya juya ƙugunsa ya zabura. Wani yakan juya sumul, gudunsa bai ragu ba, kansa bai ɗago ba. Wani kuma sai ya miƙe tsaye tukuna, ya ƙara taku ɗaya na banza, sannan ya juya. Wannan takun ɗaya shi ne tazarar da ake cin ƙungiya da ita ranar Asabar, ranar wasan jami'o'i, kuma kocin da ya san aikinsa yana gane shi cikin minti biyu.

Sannan ana duba ko yana ganin ƙwallo a sama ya cafke ta ko aƙalla ya doke ta, da ko yana da zuciyar kayar da mutum. Kona mai tsoron karo ba ya daɗewa. Akwai kuma hali: duk gwanintar mai tsaron baya sai an ci shi wata rana a gaban dubban mutane. Kociyoyi suna zuba ido su ga abin da ya yi a zagaye na gaba, ko ya sunkuyar da kai yana zargin abokin wasa, ko ya koma gurbinsa a shirye.

Ta yaya suke sanin yaro tun farko?

Ta bidiyo. Kusan duk makarantu suna ɗora wasanninsu a shafin intanet na Hudl, yaro kuma ya yanko wuraren da ya yi bajinta ya haɗa. Kada ya wuce minti 3 ko 4, a sa mafi kyau a farko, a yi masa alama kafin wasa ya motsa don a gane shi, a bar kiɗa da ado. Idan abin ya ja hankalin koci zai nemi cikakken wasa, a nan ne zai ga lokutan da yaron ya yi kasala. Bayan bidiyo, maganar kocin sakandare tana da nauyi ƙwarai. Shi za a fara tambaya ko yaron yana zuwa atisaye a kan lokaci, ko yana jin magana, ko malamai suna kuka da shi.

Mene ne taurarin da ake ba yara? Ɗana uku aka ba shi, ya damu.

Kamfanoni ne masu zaman kansu, irin su 247Sports da Rivals da ESPN, suke jera yaran kowace shekara su ba su taurari daga 2 zuwa 5. Ba jami'o'i ke bayarwa ba, ba kuma NCAA ba. Masu taurari 5 kaɗan ne, 247Sports kan ba mutum 32 a duk ƙasar, daidai da adadin da ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL, wato inda ƙungiyoyin ƙwararru ke bin layi suna ɗaukar 'yan wasan jami'a kowace shekara. Ba ƙarya ba ne cewa masu taurari da yawa sun fi samun kaiwa ga ƙwararru idan an dubi jimilla, amma a kan yaro guda ma'aunin yakan kuskure, kuma a gurbin tsaron baya misalan suna da yawa. Ahmad Gardner, wanda aka fi sani da Sauce, ya fito daga Detroit da taurari 3, ya tafi jami'ar Cincinnati, a 2022 New York Jets ta ɗauke shi na 4 a duk zaɓen. Devon Witherspoon bai fara ƙwallon sakandare ba sai a aji 11 a Pensacola (sakandaren Amurka daga aji 9 zuwa 12 take), ya shiga jami'ar Illinois ba tauraro ko ɗaya, a 2023 Seattle ta ɗauke shi na 5. Ku faɗa wa yaron cewa mafi yawan waɗanda ke wasa a FBS masu taurari 3 ne. Abin tambaya shi ne wace jami'a ce ke sonsa da gaske.

Koci ya ce sun yi masa tayi. Shi ke nan ya samu gurbi?

A'a, kuma a nan ne iyaye suka fi shan mamaki. Tayin baki ba ya ɗaure kowa. Babbar jami'a takan yi wa ɗaruruwan yara tayi a shekara, alhali wajen 20 ko sama kaɗan za ta ɗauka, masu tsaron baya a cikinsu ba su cika wuce 4 ko 5 ba. Wani tayin na riƙe layi ne kawai, don kada wata jami'a ta riga su. Tambayar da za ku yi wa koci kai tsaye ita ce: idan yaron ya ce ya amince yau, za ku karɓa? Idan ya fara kewaye-kewaye, ya ce a zo sansani tukuna, to kun san matsayinku. Ku kuma tambaya masu tsaron baya nawa za su ɗauka a bana, nawa suka riga suka yi alkawari. Tayin da ke a rubuce ba ya fitowa sai daga 1 ga Agusta na shekarar ƙarshe a sakandare.

To alkawarin da yara ke sanarwa a intanet fa, suna ɗaukar hular jami'ar da suka zaɓa a kan tebur?

Wannan kamar baiko ne, ɗaurin aure sai ranar sa hannu. Yaro yana iya janyewa, jami'a ma tana iya janyewa, musamman idan an kori kocin da ya kawo shi ko ya samu aiki a wani wuri. Mafi shaharar sauyin ra'ayi a wannan zamani mai tsaron baya ne ya yi shi. Travis Hunter na makarantar Collins Hill a jihar Georgia, wanda ake gani shi ne na ɗaya a yaran 2022, ya daɗe da yi wa Florida State alkawari. Ranar 15 ga Disamba 2021 sai ya sa hannu da Jackson State, jami'ar baƙar fata ta rukunin FCS, saboda kocinta Deion Sanders, wanda shi kansa yana cikin manyan konan da aka taɓa yi. Ya bi Sanders zuwa Colorado, ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2024, ƙungiyar Jacksonville ta NFL ta ɗauke shi na 2 a 2025. Hunter ya zaɓi wanda zai koya masa gurbinsa, wannan kuwa dalili ne mai ƙarfi. Amma Hunter ko'ina ya je ƙofa a buɗe take. Yaro mai tayi 3 ko 4 kada ya yi wasa da alkawarinsa, don kociyoyi sun san juna kuma suna magana.

Sa hannu lokaci biyu ne: na farko a Disamba, wanda aka fara a 2017, tun 2024 kuma ya dawo makon farko na watan, na biyu Larabar farko ta Fabrairu. Mafi yawan manyan jami'o'i a Disamba suke cike gurabensu. Tsohuwar takardar alkawari ta ƙasa an soke ta a Oktoban 2024, yanzu yarjejeniyar tallafin karatu ake sa wa hannu da jami'ar kanta.

Yaushe doka ta yarda koci ya tuntuɓi yaro?

A rukuni na ɗaya, daga 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10 ne koci zai iya kiransa ko aika masa saƙo. Kafin nan sai ta hannun kocin makarantarsu, ko a sansanin jami'ar. Ziyarar da jami'a ke ɗaukar nauyinta tana farawa daga 1 ga Afrilu na aji 11. Akwai kuma wasu makonni a shekara da aka hana haɗuwa ido da ido gaba ɗaya. NCAA takan gyara kalandar nan, don haka a duba ta bana kafin a sayi tikitin jirgi.

Me za mu duba idan mun je ziyara?

Ziyara iri biyu ce. Wadda kuka biya da kanku, babu iyaka. Wadda jami'a ta biya, da jirgi da masauki da abinci, ba ta wuce kwana 2. A da guda 5 kawai aka yarda, tun 2023 aka cire iyakar, sai dai sau ɗaya ga kowace jami'a. Za a nuna muku ɗakin sauya kaya mai ƙyalli, a sa wa yaro riga da hular ƙungiya a yi masa hotuna, a kai ku gidan abinci mai tsada. Yaro ɗan 17 dole abin ya burge shi. Ku iyaye aikinku daban ne.

Ku nemi zama da kocin masu tsaron baya shi kaɗai, don shi ne zai riƙa ganin ɗanku kullum, ba babban koci ba. Shekara nawa ya yi a nan? Su wa ya horar, ina suke yanzu? A kona yake ganin yaron ko a sefti ko a nikel? Salon tsaronsu na bin mutum ne ko na tsare yanki? Dogo mai son matse abokin karawa tun daga layi zai sha wuya a inda ake tsayawa nesa ana jira. Ku nemi jerin masu tsaron bayan da ke ƙungiyar da ajin kowa. Sannan ku je ofishin masu kula da karatun 'yan wasa ku tambaya: idan yaron yana son injiniya ko harhaɗa magunguna, lokutan ɗakin gwaji suna karo da atisaye? Nawa ne a ƙungiyar ke karanta irin wannan fanni? Akwai wuraren da ake tura 'yan wasa fannoni masu sauƙi don kawai kada su faɗi, yaro ya fito da takardar da ba ta ba shi aiki. Wannan yana ci mini rai fiye da komai a harkar nan, domin karatun shi ne abin da aka tabbata yaron zai fita da shi.

Idan da hali, ku keɓe da wani ɗan wasan da ba ya cikin 'yan farko, ku ji ta bakinsa.

Wane sakamako ake buƙata a makaranta?

Sai yaro ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA. Rukuni na ɗaya yana buƙatar darussa 16 da hukumar ta amince da su, a Turanci da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa da makamantansu, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 a waɗannan darussan. Rukuni na biyu 2.2 ne. Tarkon shi ne 10 daga cikin 16 ɗin dole a gama su kafin a shiga aji 12, don haka sakacin aji 9 yana iya bin yaro har ƙarshe. Ba kowane darasi ake ƙirgawa ba. Ku je wajen mai ba ɗalibai shawara tun aji 9 ku ga jerin makarantar. NCAA ta daina neman jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT a 2023, amma wasu jami'o'i suna nema don kansu. Maki mai kyau yana buɗe ƙofofin da gudu ba ya buɗewa, irin su Stanford da Northwestern da Duke. Idan yara biyu sun yi kunnen doki a fili, koci zai ɗauki wanda ba zai ba shi ciwon kai a aji ba.

Me tallafin ya ƙunsa, kuma gaskiya ne yanzu ana biyan yara kuɗi?

Cikakken tallafi ya haɗa kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai da ɗan abin kashewa. Shekara da shekaru iyakar masu tallafi a kowace ƙungiyar FBS mutum 85 ne. A Yunin 2025 wata alƙaliya a California, Claudia Wilken, ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, wanda ya maye wannan da iyakar 'yan ƙungiya 105 ga jami'o'in da suka shiga tsarin, ya kuma ba su damar raba wa 'yan wasansu kuɗi kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga duk wasannin jami'a. Kafin nan, tun 1 ga Yuli 2021, an halatta wa ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa, abin da ake kira NIL.

Kuɗin gaskiya ne, amma kaso mafi tsoka na 'yan kaɗan ne. A yi hattara da alkawarin da ba a rubuta ba, har ma da wanda aka rubuta. Jaden Rashada, kwatabak daga California, ya sa hannu da Florida bisa yarjejeniyar da aka ruwaito ta haura dala miliyan 13. Ta rushe, aka sallame shi a Janairun 2023, maganar ta kai kotu. Kada yaro ya sa hannu a kan wata takarda sai lauya ya karanta, musamman ta wakilin da ke neman kaso daga abin da zai samu nan gaba. Akwai haraji a kan kuɗin. Ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1 kuma dokar shige da fice ta taƙaita masa irin wannan samu, sai a nemi shawarar masana tukuna.

Sansanoni da masu cewa a biya su su tallata yaro fa?

Sansanin da jami'a ta shirya a harabarta a watan Yuni ya fi amfani, don kociyoyin da kansu suke aunawa, ana kuma yin tayi nan take. A zaɓi inda yaron ke da damar gaske, kada a ƙarar da kuɗi a manya kaɗai. Gasar mutum bakwai-bakwai tana goge kona a bin mutum, amma babu karo a cikinta, don haka ba ta maye wasan sakandare na daren Juma'a. Wanda ya ce ku ba shi dubban daloli ya ba ku tabbacin tallafi, ku rabu da shi. Aika bidiyo da sakamako ga kociyoyi aiki ne da yaro da kocinsa za su yi kyauta.

Ɗana yana cafkar ƙwallo ne, sun ce za su mayar da shi kona. Raini ne?

Ko kusa. Prince Amukamara, ɗan 'yan Najeriya, mai gudu da ƙwallo ne a sakandare a Arizona; Nebraska ta mayar da shi kona, New York Giants ta ɗauke shi a zagayen farko a 2011. Noah Igbinoghene ya shiga Auburn yana mai cafka, aka juya shi tsaro, Miami ta ɗauke shi a zagayen farko a 2020. Mahaifiyarsa Faith Idehen tana cikin matan da suka ciyo wa Najeriya tagulla a tseren ba-ni-in-ba-ka a Barcelona a 1992. Wanda ya taɓa cafka ya san dabarun mai cafka, kuma hannunsa ya saba da ƙwallo. Masu cafka sun yi yawa, dogon kona mai gudu kuwa nemansa ake.

Azumi da salla fa? Za a bar shi?

An yi kafin shi, a wannan gurbin ma. Hamza Abdullah da ƙanensa Husain, dukansu sefti, sun yi Washington State suka shiga NFL. Sun yi azumi a shekarun da Ramadan ya faɗo a tsakiyar atisayen zafi na Agusta, a 2012 kuma suka ajiye kakar wasa guda suka tafi aikin Hajji. A 2014 Husain ya yi sujada bayan ya ƙwace jifan shahararren kwatabak Tom Brady ya ci maki, alƙalin wasa ya hukunta shi, washegari NFL ta ce bai kamata ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne lokacin motsa jiki na hunturu da atisayen bazara. Ku tayar da maganar tun a ziyara, a gaban koci da mai kula da abincin ƙungiya: sahur, abincin halal, Juma'a, masallaci mafi kusa. Yadda suka amsa zai nuna muku irin gidan da za ku kai ɗanku.

Haɗarin rauni fa?

Akwai shi, kada wani ya ɓoye muku. Mai tsaron baya yana karo da gudu, gwiwa da kafaɗa da jijiyar cinya suna shan wuya, mafi muni kuma bugun kai. Husain Abdullah ɗin nan ya bar wasa a 2016 yana da shekara 30, ya ce saboda girgizar ƙwaƙwalwa da ya yi har sau 5. Tun 2013 ana korar ɗan wasan jami'a daga fili idan ya kai hari da ƙoƙon hula ko ya nufi kan wanda ba ya iya kare kansa. A koya wa yaro kayarwa da kafaɗa, kai a ɗage. Idan ya bugu yana jin jiri ko ciwon kai, ya faɗa, ko da ranar ce kocin jami'a ya zo kallonsa. Ku tambayi jami'a a rubuce abin da zai faru da tallafin idan rauni ya hana shi wasa, da wanda zai biya magani bayan ya gama.

Yaron da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana da hanya?

Siririya ce. NFL ta yi sansanin neman masu baiwa a Accra a 2022, da Nairobi a 2023, da Legas a 2024, da hannun Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL ɗan asalin Najeriya, tana kuma da makarantar horo a Loughborough ta Ingila da ke tura matasa jami'o'in Amurka. Amma mafi yawan waɗanda ake ɗauka daga Afirka ƙarti ne na sahun gaba, inda girman jiki ke rufe rashin gogewa. Tsaron baya yana son shekaru ana ganin wasa. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunku da sunan biza da gurbin ƙwallo a Amurka, ku bincika shi sosai kafin ko sisi ta fita.

Kashi nawa ke kaiwa NFL?

Yara sama da miliyan 1 ke wasan a sakandare. Kimanin 7 cikin 100 ke samun wasa a jami'o'in NCAA, daga cikinsu kuma ƙasa da 2 cikin 100 ake zaɓa, don zaɓen shekara mutum 250 da 'yan kai ne. Ba a shiga sai an yi shekara 3 da gama sakandare.

Idan Disamba ta wuce manyan ba su kira ba?

Harkar ta ƙara tsauri tun da aka buɗe rajistar sauya sheƙa daga wata jami'a zuwa wata a 2018, aka kuma sassauta dokokinta daga 2021. Koci da ke neman kona yau yana iya ɗauko ɗan shekara 21 da ya riga ya yi wasa a wata jami'a, maimakon ya jira ɗan 18 ya girma. Guraben 'yan sakandare sun ragu, amma hanyar hawa daga ƙasa ta buɗe: yaro ya yi shekara 2 yana haskawa a FCS ko rukuni na biyu, manya su zo nemansa.

Jami'o'in FCS da na rukuni na biyu suna ba da tallafi, sau da yawa rabi ko wani kaso, a haɗa da na ƙwazon karatu. Rukuni na uku da jami'o'in Ivy irin su Harvard da Yale ba sa ba da tallafin wasa, amma suna da taimako mai kauri ga iyali masu ƙaramin ƙarfi, koci kuma yana iya sa baki a ba yaro gurbin karatu. Akwai jami'o'in NAIA, wata hukuma daban ta ƙananan jami'o'i, akwai kwalejojin shekara biyu, musamman a Kansas da Mississippi da California, ga wanda makinsa bai kai ba ko jikinsa bai gama cika ba. Akwai kuma shiga babbar jami'a da kuɗin gida a yi fatan samun tallafi daga baya, sai dai iyakar 105 ta rage irin waɗannan guraben. Ƙananan jami'o'i suna ci gaba da ɗauka har bayan Fabrairu, don haka a watan Janairu yaro ya sabunta bidiyonsa da wasannin aji 12, ya haɗa da sakamakon zangon farko, kocinsa kuma ya ɗaga waya ya kira su ɗaya bayan ɗaya.